Shekarar da Saniyata Ta Zama Injiniya

Saniya ɗaya gare ni a duniya, kuma da gyaɗa na saye ta. Na yi damina bayan damina ina noma a gonarmu ta Mayo Bani, ina kai buhuna Mubi a kan jakin aro, har ranar da na koro ta daga kasuwar shanu zuwa gida. Ja ce, ƙahonta ɗaya yana kallon sama, ɗaya yana kallon ƙasa, kamar ba su gama shawara ba. Matata ta zagaya ta, ta ce, "Maigida, masu ƙaho daidai sun ƙare ne kafin ka isa?"

A wajenmu manomi ba ya kiwon saniyarsa da kansa. Ruga yake kai ta, ya danƙa wa Bafulatanin da ya yarda da shi. Bafulatani ya sha nono, mai saniya ya ɗauki abin da ta haifa, in an gama girbi kuma garke ya zo ya kwana a gonarsa, ya ci kara ya bar masa taki. Haka ubana ya yi da mutanen rugar da ke bayan gonarmu, haka ni ma na yi da dattijon rugar. Ba mu haɗa jini ba, amma tun ina yaro Baffa nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai kaɗo, yadda Fulani ke kiran wanda ba Bafulatani ba.

Saniyar tana da halaye biyu. Na farko lasa. Duk shanu suna lasa, amma ita ta mai da abin sana'a. Ta taɓa lashe sabulun matata a bakin mayo, wato rafinmu, ta tafi tana kumfa. Ta lashi sirdin keken mai wa'azinmu har sai da ya yi laushi, ya ce bai taɓa jin daɗin hawansa kamar ranar ba. Hali na biyu kuwa, ta ƙi ɗaukar ciki. Sa'o'inta suka haihu, 'ya'yansu ma suka haihu, ita tana nan tana lashe duniya.

Sai wata rana Baffa ya zo har gida, ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa har kaji, sannan ya ce, "Kaɗo, tsohuwar saniyarka ta tuba. Tana da ciki."

Na miƙe tsaye ban sani ba.

Ya ce, "Zauna. Haƙoranta sun fara ƙarewa. Wannan shi ne na fari, shi ne kuma auta. In ya zube, sai ka kai ta wajen mahauta tun tana da nama a jiki, ka koma gyaɗarka."

Wannan ya faru ne a shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. A rediyon Jauro, mai unguwarmu, kullum zancen man fetur ake yi, wai a kudu an huda ƙasa arziki ya yi tsartuwa sama. Mu tamu ƙasar in ka huda ta gara ce ke fitowa. Duk da haka zancen ya shiga kunne, mutane suka fara taka ƙasa da ladabi.

Bayan girbi sai ga motoci sun tsaya a bakin mayo, aka kafa tanti. Mutanen wani kamfani ne: Bature ɗaya, da wasu 'yan kudu, da akawu mai jin Hausa da Fulatanci. Baturen yana rataye da wani akwati a wuya, da sanda haɗe da shi. In ya kanga sandar a jikin dutse, akwatin ya yi kuka kamar gyare. Muka tambayi akawu abin da suke nema, ya ce wani irin dutse ne. Muka ce in dai dutse ne, ga shi nan har Kamaru, a zo a kwashe, mu ma ya ishe mu.

Suka fara ɗaukar leburori, kuma suna biya duk mako, abin da ba mu saba gani ba. 'Ya'yan Baffa biyu, manya masu mata, suka jingine sandar kiwo suka ɗauki shebur. Babban ya sami muƙamin riƙe wa akwati lema, don wai akwatin ba ya son rana. Ƙwai ya yi tsada har kaji suka fara tafiya da yanga. Matan ruga suka daina biyowa ta ƙofar gidajenmu da nono, sai tanti. Aka bar Baffa shi kaɗai da garke da gwiwarsa mai ciwo.

A gefen burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, akwai wani fili mai farar ƙasa da muke kira lasa. Ƙasar wurin tana da gishiri-gishiri, shanu kan tsaya su lasa kafin su gangara mayo. Saboda filin nan ne ma aka kafa ruga a kusa, don ba sai an sayi kanwa ba. Rannan Bature yana yawo a filin, akwatinsa ya yi kuka a wani wuri, ya sa aka kafa turke. Daidai lokacin garke ya iso. Saniyata ta ratsa leburori, ta ture mai lema, ta sa harshe a gindin turken nan ta kama aikinta. Bature ya yi dariya, ya shafa mata tozo, ya faɗi wata magana. Akawu ya ce wai cewa ya yi ga abokiyar aikinsa ta iso.

Da a ce ƙanin matata ba ya wurin, da maganar ta ƙare a nan. Amma yana wurin. Ya taɓa zuwa Jos haƙar kuza, bai daɗe ba ya dawo da tari da hular kwano. Tarin ya warke, hular ta zauna. Kamfani ya ƙi ɗaukarsa aiki don tun ranar farko ya so ya koya wa helma, shugaban leburori, yadda ake riƙe diga, shi ya sa yake yini a gefe yana kallo yana girgiza kai.

Washegari kamfani ya zagaye lasa da waya mai ƙaya, ya kafa allo mai rubutu. A lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. Ƙanin matata ya karanta mana allon da ƙarfi, ya ce an rubuta a nan arziki yake. Shi ma a lokacin bai fara zuwa ba.

Da yamma a gindin tsamiyar Jauro ya tara mutane. Ya ce, "Jama'a, ku yi tunani. Akwati ya yi kuka a ina? Saniya ta lasa a ina? Bature ya ɗauko nasa akwatin daga ƙasar waje, har da mai riƙe masa lema. Mu namu yana nan yana cin ciyawa kyauta!"

Baffa yana zaune a gefe, ya ce a hankali, "Gishiri take nema."

"To Baffa, wa ya zuba gishirin a wurin? Kai ne? Abin da ke ƙarƙashi ne yake gumi. A Jos haka yake."

Babu wanda ya taɓa zuwa Jos a cikinmu sai shi, don haka babu wanda ya iya cewa a Jos ba haka yake ba.

Da safe da Baffa ya kora garke, sai ya waiwaya ya ga wani garken a bayansa: maza da fartanya, da diga, da kwanduna, ƙanin matata a gaba hularsa tana ƙyalli. Tun daga ranar aka daina ce mata saniyar wane, aka koma ce mata Injiniya. Ni kuma aka fara gaishe ni da hannu biyu.

Tunda aka rufe lasa, duk shanun suka shiga kwaɗayin gishiri, tawa kuwa abin ya haɗu da hali. Duk inda ta ji ɗan ɗanɗano sai ta sa harshe. Da ta sa harshe sai a yi ihu, a ture ta gefe, a kama haƙa. Wasu su tsaya a ramin, sauran su bi ta gaba. Abin ya kai ko ciyawa ta sunkuya za ta ci, wani mai sauri ya riga ya kafa diga a gaban hancinta, don kada a riga shi. In ta tsaya tana tuƙa, su tsaya suna kallon bakinta. In ta yi kashi, ƙanin matata ya sa tsinke ya duba.

Ranar Juma'a Musulmi su tafi masallaci, Kirista su bi ta. Ranar Lahadi mu tafi coci, Musulmi su bi ta. A duk ƙauyen ita kaɗai ce ba ta da Juma'a ba ta da Lahadi.

Ta lashi bayan madafar wata tsohuwa, inda take zubar da ruwan toka. Aka haƙa har tsohuwar ta rasa inda za ta tsaya ta tuƙa tuwo, ta fito da muciya ta raka su har bakin hanya. Ta lashi gindin rumbun Jauro, inda awaki ke fitsari. Nan aka ɗan tsaya, don rumbun mai unguwa ba abin wasa ba ne. Jauro ya fito, ya dubi rumbu, ya dubi saniya, ya tambaya in an samu nawa ne rabon mai ƙasa. Aka ce rabi. Ya ce a haƙa amma a hankali. Aka haƙa a hankali, rumbun ma ya karkata a hankali, ya zauna cikin ramin, ya fashe. Kajin unguwa ba su taɓa ganin rana irin wannan ba.

Akwai kawuna, ƙanin uwata, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya. Ya gaji da haƙa, ya zauna a inuwa yana haki, gumi yana gangara. Injiniya ta zo ta bayansa ta ja masa harshe tun daga ƙeya har goshi. Ƙanin matata ya matso da diga a kafaɗa yana duban kan nan ta kowane gefe.

Kawu ya ce, "Kai, ɗan nan, in ka ƙara taku ɗaya sai na aika ka Jos ba mota."

"A'a, Kawu, ba kanka ba. Tashi mu ga inda ka zauna."

Aka tashe shi, aka haƙa wurin. Shi ma ya sa hannu, don ya ce tunda shi ya zauna a kai yana da kaso.

Duk dutsen da ya ɗan yi ƙyalli sai a wanke shi a kai tanti. Akawu ya juya shi a hannu, ya ce ba shi ba ne, ya jefa bayan tanti. Tulin duwatsu ya yi ta girma a wurin, har kukun Bature yana ɗiba yana yin murhu. Mutane suka ce ka gani, da ba shi da amfani ai ba za su tara ba.

Ni dai na ce za su gaji. Na san mutanenmu: an yi shekarar da kowa ya shuka auduga, an yi shekarar da kowa ya sayi agwagwa, duk sun wuce. Matata ta ce, "Su za su gaji, ko ita? Maigida, je ka dubi haƙarƙarinta. Ciki a gaba, ƙashi a gefe."

Na je na duba. Gaskiya ta faɗa. Cikin ya sauko, amma ƙugunta ya fito kamar maratayin jaka, idanunta sun faɗa. Na kira ƙanin matata gefe. Matsalar ita ce tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, duk abin da ka faɗa masa, komai zafinsa, wasa ne. Na ce masa zai kashe mini saniya. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in muka samu, garke zan saya maka." Na ce masa ba shi da hankali. Ya ce shi ya sa aka ba ni yayarsa, don a rage masu hankali a gidansu. Na ɗaure fuska iyakar iyawata, ya dafa kafaɗata ya ce wallahi na iya wasa.

Kafin tsakiyar rani, makiyayar da ke tsakanin ruga da mayo ta koma kamar fuskar mai zanzana. Burtali kansa ramuka ne hagu da dama. Baffa yana kora garke kamar mai zura zare a allura. Wani maraƙinsa ya karye, aka yanka.

Ina gyaran danga da tsakar rana sai matar Baffa ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce saniya ta faɗa rami. Na yar da igiya na ruga.

Na tarar da ita a wani rami mai zurfi a bakin burtali. Ƙafafun baya sun shige, ƙirjinta ya tokare da bakin ramin, cikin nan ya matsu a gefe, tana nishi. Mutane sun kewaye ta, babu mai ja. Gardama ake yi.

"Da kanta ta shiga! Na gani da idona!"

"Ramina ne, jama'a, kowa ya shaida."

"Raminka a ina? Ni na fara shi, kai ka bari ka bi ta gidan Jauro."

Ƙanin matata ya ɗaga hannu ya ce kada kowa ya taɓa ta sai ta nuna gefen da za a bi. Ya ce lasa alama ce ƙarama, amma shiga da jiki gaba ɗaya, wannan ko a Jos sau ɗaya ya taɓa jin labari.

Baffa yana tsaye da sandarsa a hannu. Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma leɓensa ya yi fari. Na san in na yi faɗa za a ce wasa ne ko rowa. Na sauka bakin ramin na riƙe kanta, na jira har hayaniya ta ɗan lafa. Sannan na ce, "Jama'a, ban hana ku ba. Amma in ta mutu a nan, gobe wa zai nuna muku wuri? Kawu?"

Kawu ya dafe kansa da hannu biyu ya ce, "A fito da ita!"

Nan fa aka ga amfanin zuwa Jos. Mu da mun sa igiya a ƙaho mun ja, da mun kashe ta. Ƙanin matata ya hana. Ya sa aka sare bakin ramin ta gabanta aka yi gangara, aka zura igiyoyi ta ƙarƙashin ƙirji da bayan cinya, ba ta kan ciki ba, ya tsaya yana ba da waƙar ja irin ta leburori. Mutanen da suka yi rani suna haƙa hannunsu ya faɗa, ƙasa tana tashi kamar ba hannu ke yi ba. Aka ja, aka huta, aka ja, sai ga ta a waje. Ta tsaya ƙafafunta suna kaɗawa, sannan ta kwanta.

Baffa ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya kwantar da tafinsa a gefen cikin, ya rufe ido. Muka zuba masa ido har da masu gardamar rami. Ya matsar da hannun ƙasa kaɗan, ya sake jira.

Ya ce, "Yana motsi."

Da muka ware gefe ya ce mini, "Kaɗo, ni zan tashi. Ba lasa, ba burtali, ba 'ya'ya. Zan kai garke bayan duwatsu wajen dangin matata. Taka ba za ta iya tafiyar ba. Ka riƙe ta a gida, ka ba ta kanwa da dusa."

Na ce, "Baffa, ni ban taɓa riƙe saniya ba."

Ya ce, "Ita ma ba ta taɓa haihuwa ba. Sai ku koya tare."

Muka lallaɓa da ita gida, matata ta ce a ɗaure ta a tsakar gida kusa da madafa, inda namijin waje ba ya shiga sai an ce ya shigo. Ta ɗauko turmi ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna da taɓarya a kan cinya. Masu diga suka yi sallama, ta amsa, ta tambayi lafiyar iyalansu, ba ta ce su shigo ba. Ƙaninta ya ce ai shi ɗan gida ne. Ta ce, "Ɗan gida ne kai in ka cire hular nan ka ajiye digar. Da su kuwa baƙo ne kai." Ya tsaya yana tunani, ya ga ba zai iya rabuwa da hular ba, ya koma cikin baƙi.

Da sassafe na bi ta Digil na shiga kasuwar Mubi, na sayo kanwa da gishiri da dusa. Mai kanwar ta ce ta ji labarin wata saniya a wajenmu da ke jin ƙanshin zinariya, har ta yi magana da Bature da Turanci. Na ce ni ma na ji.

Na jiƙa kanwa a kwatarniya na ajiye mata. Ta sha kamar za ta haɗiye kwatarniyar. Kwana da kwanaki tana sha, tana cin dusa da harawar gyaɗa, tana barci da rana kamar matar sarki. A waje kuma maza suna zaune a jikin danga suna jira, wasu suna leƙe ta tsakanin kara. Ban ɓoye musu komai ba, a gabansu na wuce da kanwar.

Da ta yi ƙarfi na sa mata igiya na fita da ita fadama. Suka tashi suka biyo mu. Ta sunkuya, aka ɗaga diga, sai ta ci ciyawa. Ta matsa gaba, ta sake cin ciyawa. Muka wuce madafar tsohuwa, ko kallo ba ta yi ba. Aka kawo Kawu aka zaunar a gabanta a rana, ta zagaye shi. Daga ƙarshe ƙanin matata ya cire hularsa, abin da ko a coci sai an yi da gaske, ya miƙa mata cikinta mai gumin shekaru. Ta shinshina, ta kau da kai.

Ya ce, "An toshe ta! Yaya, ka ba ta cin hanci!"

Har gaban Jauro aka kai ni ƙara, wai na lalata injiniyar gari da kanwa. Jauro yana zaune a kan tabarma, bayansa ga fasasshen rumbu. Ya saurari kowa. Ya tambayi wa ya sayi saniyar, aka ce ni. Ya tambayi wa ya sayi kanwar, aka ce ni. Ya tambayi me aka samu tun da aka fara haƙa, aka ce ana dab da samu. Ya juya ya daɗe yana kallon rumbunsa, sannan ya yanke hukunci: mai saniya ya tafi da saniyarsa, kowa kuma ya je ya cike ramin da ya haƙa.

Ranar aka gane cewa ramukan nan ba su da masu su. Mutanen da suka kusa dambe a kan rami ɗaya, kowa ya rantse na ɗan'uwansa ne. Wasu kaɗan suka koma bin jakin wani makwabcinmu, amma jakin cizo yake yi, abin bai yi nisa ba.

Kafin ruwan farko kamfani ya naɗe tantinsa. Akawu ya ce kukan akwatin bai kai yadda ake so ba. 'Ya'yan Baffa suka hau bayan mota suka bi su, daga can suka shiga aikin hanya, ba su koma ga sanda ba. Wayar lasa mutane suka kwashe ta guntu-guntu suka kewaye lambuna, amma filin an riga an tone farar ƙasarsa an loda a buhuna, abin da ya rage kwazazzabai ne. Ruga ta zama kufai. Gonata ba ta sami taki ba a shekarar, dawa ta fito siririya, ba tawa kaɗai ba.

Saniyar ta haihu da hantsi, kwana kaɗan bayan ruwan shuka. Na yi ta zagaya ta ina ba ta haƙuri har matata ta ce in fita ko in zauna, don ina juya mata kai. Na zauna a kan turmi. Ƙafafu suka fito, hanci ya fito, sai ga maraƙa ta sulluɓo a kan harawa, mace, jiƙe sharkaf, tana atishawa. Kafin rana ta take ta miƙe, ta faɗi, ta sake miƙewa ta kama nono.

Na aika wa Baffa ta bakin masu zuwa kasuwa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da ƙafa, yana ɗingishi, da sabuwar ƙwarya a hannu. Ya duba maraƙar baki da kofato, ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Na ce ko zai tafi da su yanzu. Ya ce hanyar da nisa, shi ma ƙarfinsa ya ragu, garken da ke hannunsa ma ƙanin matarsa ne ke taya shi. Ya miƙo mini ƙwaryar ya ce, "Tsuguna."

Ya nuna mini yadda ake sakin maraƙa ta fara tsotsa, a janye ta a ɗaure kusa da uwar, a ɗaure ƙafafun baya, a matse ƙwarya da gwiwa. Na tsuguna, mutum da furfura a gemu, na kama na ja. Ba abin da ya fito. Na ƙara ƙarfi, saniyar ta waiwayo ta dube ni, ta sheme ni da wutsiya a ido.

Baffa ya ce, "Kaɗo, ba gyaɗa kake tugewa ba. Lallashi ake yi."

Matata tana bakin madafa tana dariya har da riƙe ciki. Ƙaninta ya leƙo ta kan danga ya fara cewa a Jos, ta ɗaga taɓarya, hular ta nutse.

Na sassauta hannu, na bi yadda Baffa ya nuna, daga sama zuwa ƙasa. Sai na ji tsirr a cikin ƙwarya. Rabin abin da ya fito a gwiwata ya zuba, wani a ƙasa, wani a hannun rigar Baffa. Abin da ya taru bai fi cikin ludayi biyu ba, har da gashi a ciki. Matata ta tace, ta ɗora a wuta, muka kurɓa mu uku a tsaye, da ɗai-ɗai. Baffa ya goge baki ya ce gobe in sake, jibi ma in sake, ya ɗauki sandarsa. Na raka shi har bayan gari, muna zagaye ramuka, sannan na dawo da sauri don maraƙar ta kwance igiya ta shiga cikin shukar matata.